Miyar Taushen Da Ta Kai Ni Maleshiya

Tun da na dawo, matan makarantarmu ta Islamiyya ba su bar ni na huta ba. Da an gama ta'aziyya an shafa, sai wata ta matso ta rage murya, "Hajiya, to ya garin yake? Da gaske ne jirgin ƙasansu ba shi da direba?" Ban ga laifinsu ba, ni ma da wata ce ta je haka zan tsare ta. Amma na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kuma duk lokacin da na ɗauko sai in kasa kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ta karanta, a ƙyale ni.

Wadda na je wurinta 'yata ce ta fari. Sunanta Rabi'atu. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta shi, don shekararta talatin da takwas a duniya ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Mu haka muka tashi muka tarar, ɗan fari kunyarsa ake ji. Ana yaye ta, yayar mijina Gwaggo Asabe ta zo ta goye ta sai Bichi, a can ta girma. In ta zo hutu "Yaya" take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa, ni kuma in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ranar aurenta ina can wurin murhu. Da ta haihu Gwaggo na tura. Da mijinta Malam Nura ya samu karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, Gwaggo ce ta raka su filin jirgi. Ranar da aka ce an gano ciwon daji a jikinta, na shiga ɗaki na turo ƙofa na yi kukana, na wanke fuska na fito na ce a gaya mata Allah ya sawwaƙe.

Sai wata Talata, farkon kaka, ana ta shigo da sabuwar gyaɗa gari, ta kira ni da kanta. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Yaya, miyar taushe nake sha'awa. Irin taki."

Na ce, "Babu kabewa a garin ne?"

"Akwai, hannun ne babu. Na kasa cin komai. Likita ya ce in ban ci na yi ƙarfi ba, ba za su ci gaba da maganin ba."

Da farko na ce a raina Gwaggo ce za ta je, kamar kullum. Sai na tuna taushen Gwaggo, tsululu kamar an ɗauraye tukunya. Ina, ba za ta saɓu ba. Shekara talatin ina girkin biki a Kano, duk amaryar da aka kai daga Gwammaja zuwa Kurna da wuya ba a ci tuwona a gidansu ba, kuma ban taɓa yarda da hannun kowa ba, wannan hali nawa ne, na sani. Na kira ɗana Sani na ce ya nemo mini biza.

Sati uku aka yi ana zirga-zirgar takardu. Ni kuwa na haɗa daddawa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da busasshen tattasai, da man shanu, da citta da masoro. Ana gobe tafiya na je 'Yankaba da kaina na zaɓo kabewa. Ba kowace kabewa ake taushe da ita ba. Tsohuwa ake nema, wadda ta ƙosa a jikin yaɗonta, mai nauyin da ya fi girmanta, in ka ƙwanƙwasa ka ji ta amsa a dunƙule. Sai da na taɓa ta fi ashirin mai kayan ya fara tsaki, sannan na samu tawa. Na naɗe ta da zane na sa a jakar hannu.

A filin jirgin Kano aka ce kayana sun yi nauyi. Sani ya ce, "Hajiya, don Allah ki bar kabewar nan, abin kunya ne." Na buɗe akwati na zaro atamfa huɗu na ɗora masa a hannu, na ce ya kai gida.

Muka sauka Habasha da hantsi, aka ce sai yamma za mu tashi. Wurin sanyi kamar firji, kujerun ƙarfe. A nan na haɗu da wata Hajiya Mariya, 'yar Damagaram, mai zuwa ƙasar Sin saro takalma. Ita ta nuna mini wurin alwala, ta ba ni rabin kilishinta, don abin da aka ba mu a jirgi burodi ne mai sanyi da wata miya a ɗan gwangwani wadda ban san asalinta ba. Da za mu wuce ta na'urar binciken kaya, sai aka tsayar da jakata, ma'aikata uku suka kewaye ta. Aka warware zanen a hankali kamar za a ga abin tsoro, sai ga kabewa. Suka kwashe da dariya, Hajiya Mariya har da riƙe ciki. Da muka zauna na gaya mata dalili, ta daina dariyar. Ta ce, "'Yar fari ce? To Hajiya, in kin je ki ajiye kunyar nan a bakin ƙofa tare da takalmi." Na ce mata to, a raina kuwa na ce matan yanzu kenan.

Ban san awa nawa muka yi a sama ba, na dai yi salla uku a zaune da kabewa a cinyata. A Kuala Lumpur aka ware masu koren fasfo gefe, aka kai mu wani ɗaki mai benci. Na fi awa biyu a nan. Turancina na firamare ne, ya daɗe da tsatsa, sai kawai na miƙa wa jami'in takardar asibiti da Malam Nura ya turo. Ya karanta, ya dube ni, ya dafa ƙirjinsa ya ce "sabar". Na gane, don ta yi kama da ta Larabci. Ya buga mini hatimi.

Wurin masu duba kaya wata mata ce mai ɗan mayafi, fuskarta kamar ta 'yar makaranta. Ta buɗe daddawa ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta kira 'yar'uwarta ita ma ta shinshina, suka yi ta gyaɗa kai. Daga baya na ji ashe su ma suna da irin tasu, ta jatan lande, wadda ta fi tamu tashi. Daddawa ta wuce. Kabewa ce aka ce ba za ta shiga ba, ɗanyen abu mai iri a ciki. Na roƙa da Hausa, na roƙa da Turanci, na nuna takardar asibitin. Matar tana ta cewa "labu, labu", wato kabewa da yarensu, tana nuna waje da hannu, wai ga ta nan birjik a gari. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, aikinta take. Ina kallo aka sa kabewata a wani shuɗin bokiti tare da lemon wani da tuffar wani.

Malam Nura ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban jama'a. Ya rame shi ma. A mota ba mu yi wata magana ba bayan gaisuwa, suruki ne. Gidansu na wata unguwa Cheras, hawa na goma sha bakwai. Duk lokacin da lif ya ɗaga sai hanjina ya rage a ƙasa. Garin kullum a jiƙe yake, zafi mai danƙo, in ka shanya zane sai ya kwana biyu. Kuma kowace la'asar sai an yi ruwa da tsawa, kamar an ɗaura musu alkawari. Jikokina biyu, Hanan da Amal, suka zo suka kama hannuna suka kai goshinsu, wai haka yaran can ke gaida manya. Na yi musu Hausa suka amsa da Turanci.

Sannan aka buɗe mini ɗakinta. Wallahi da a hanya na gan ta ba zan gane ta ba. Yarinyar da ta gaji jikin ubanta, doguwa mai cika, ta koma kamar an shimfiɗa zane a kan gado. Ta yi murmushi ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, kin sha hanya." Ƙafata ta so tafiya, na ji ta so. Amma mijinta na tsaye a bayana. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Sannu. Ya jikin?" Sai na juya na tambaye shi ina kicin yake.

Washegari aka haɗa ni da maƙwabciyarsu Maman Walid, 'yar Zariya, mijinta ɗalibi ne. Mace mai kirki, sai dai Hausarta ta zama gauraye, kowace magana da "lah" a gindinta. Ita ta kai ni kasuwar safe ta unguwar. Kifi kala-kala, ganyen da ban taɓa gani ba, ga kuma alayyahu sak namu. Ta tsaya gaban wata dattijuwa ta ce, "Makcik, labu," wato "Inna, kabewa." Matar ta miƙo wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar aba mai launin ƙasa-ƙasa, ba ta fi kan jariri ba.

Na ce, "Wannan ce kabewar?"

"Ita ce lah, Mama. Da ita muke yi, tana da gari sosai."

"Shi ya sa taushenku bai shigar mata ba," na ce, na ajiye. Dattijuwar ba ta ji abin da na faɗa ba, amma ta ga yadda na ajiye.

A hanyar komawa hadari ya taso, muka fake a wani katafaren kanti mai hawa-hawa. Muna shiga na ga abin da ya tsayar da ni. Kabewa ce tsibi guda, manya-manya, jajaye, kowace sai an rungume ta. An yi musu ado da yanar gizo ta ƙarya, ga ƙwarangwal na roba a rataye yana lilo. Maman Walid ta ce wai Halowin ake shiri, wani bikin Turawa ne na ƙarshen Oktoba, lokacin da sanyi ke shigowa ƙasarsu. Su ƙwaƙule cikin kabewa, su yanka mata ido da haƙora, su kunna kyandir a ciki, yara su yi shigar fatalwa suna bin gidaje neman alewa. Ta ce yawancin mutanen ƙasar ba ruwansu da shi, kantuna ne da 'ya'yan baƙi.

Ni duk ba wannan nake ji ba, idona na kan kabewar. Na ce a ɗauko mini waccan.

"Mama, wannan ta ado ce fa. Daga waje ake kawo ta don a sassaƙa, ba a ci."

Na ce, "Kabewar da ba a ci? Yaushe aka haife ki?" Na ƙwanƙwasa na ji ta amsa fanko kamar ganga. Kunnena ya gaya mini gaskiya, amma idona ya riga ya ga irin ta gida, kuma na riga na yi magana a gaban yarinya. Muka yi dakonta har hawa na goma sha bakwai.

Ga yadda nake taushe, tunda wasunku sun daɗe suna so in faɗa. Ƙashin rago mai ɓargo za ki fara ɗorawa da albasa da citta da daddawa, ya yi ta dahuwa har ruwan ya yi kauri. Ki zuba kabewa manyan yanka a kai, ta nuna har ta faɗa da kanta, ki tsame ki dame ta da muciya, ba da inji ba. Jajjagen tattasai da attaruhu ki soya shi daban sai ya daina kumfa. In kin haɗa, gyaɗa ta biyo baya, ki rage wuta, kada ki matsa daga wurin don kamu take. Yakuwa kafin alayyahu, alayyahu kuma sai za a sauke. Man shanu a kwano ake sa shi, ba a tukunya ba.

Duk na yi wannan. Amma tun da na sa wuƙa na san na yi ɓarna. Cikin fanko, naman siriri, zare-zare kamar soso, ko ƙamshi babu. A wuta ta saki ruwa ta ƙi haɗuwa. Na ƙara gyaɗa, na ƙara daddawa, a banza. Ga shi babu yakuwa, sai na matsa lemon tsami, abin da ban taɓa yi ba tun ina budurwa. Na ɗanɗana na ji kamar in zubar ta taga. Amma an riga an gaya mata Yaya na taushe, kuma Malam Nura ya ce ranar nan tana cikin 'yan kwanakin da cikinta ke karɓar abinci. Tuwon shinkafar dai ya yi kyau, shinkafar can ba ta da laifi.

Na kai mata. Ta ce, "Yaya, zauna mana." Na ce daga nan ma ya isa, na jingina da ƙofa. Ni kuwa ba na barin mara lafiya da kwano sai na ga bayansa, don haka na tsaya har ta cinye. Ta ce, "Ta yi daɗi. Allah ya saka." Wannan yabo ya fi zagi ciwo a wurina. Na ce a raina kara ta yi mini, ta ci don kada in ji kunya. Na rantse sai na yi mata taushe na gaske, wanda zai buɗe mata ciki ta ci ta yi ƙarfi a koma magani.

Daga nan na zama 'yar yawon kasuwa. Da safe in dama mata kunun gyaɗa, in ruwa ya sauko da la'asar in yi farfesun kaza da citta da masoro mai ɗumama ƙirji, in tsaya ta sha. Tsakanin nan kuwa ina waje da Maman Walid muna neman kabewar kirki da yakuwa. Eh, jirgin nasu ba direba, na leƙa da idona. Ƙofar shiga tashar ta taɓa kama mini zane, na tsaya ina kokawa da ƙarfe mutane na wucewa ba mai ko kallona, don su ba sa kallon mutum. Mun ci shinkafa a kan ganyen ayaba, da hannu kamar a gida. Mun sha shayin da ake zubowa daga sama yana kumfa, zaƙi kamar za a kashe ka. A Brickfields, unguwar Indiyawa, na ga yakuwa ɗaure-ɗaure a gaban wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi. Na tsinki ganye na tauna, ita ce, har tsamin. Tsohuwar ta yi dariya ta ƙara mini ɗauri ɗaya kyauta. Ranar na yi murna kamar an ce mini an warke.

Abu ɗaya na gani a jirgin ƙasan nan da ya tsaya mini. Wata mata ce, ta kai arba'in, ta kwantar da kanta a kafaɗar tsohuwarta, tsohuwar na shafa mata hannu, a gaban kowa. Na kawar da kai na ce rashin ta-ido. Amma har muka sauka ina satar kallonsu.

Kabewa kuwa duk inda muka je 'yar ƙaramar nan ce. Na ƙi saya. Kwana goma sha biyu ina ƙin ta, wai ni mai sani. Ita kuwa yarinyar, duk ranar da aka ɗora ta a sikeli sai a ga ta ƙara raguwa.

Ranar Halowin ɗin, ruwa ya ɗauke kafin magariba, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe. Yara ne kusan shida. Wani ƙwarangwal, wata da jini na ƙarya a baki. Na gabansu kuwa an naɗe shi da farin ƙyalle tun daga kai har ƙafa, an ɗaure saman kan, an shafa masa farar hoda. Likkafani sak. A ƙofar gidan da 'yata ke kwance. Ban san lokacin da na daka musu tsawa na buga ƙofar ba, ina ta innalillahi.

Sai na ji dariya daga ɗaki. Tun da na zo ban ji ta yi dariya ba sai ranar. Ta ce, "Yaya, alewa suke so. Tana cikin kwalba a kan firji, ki ba su, 'ya'yan maƙwabta ne."

Na ce, "Mutanen da suka mai da mutuwa abin wasa zan ba alewa?"

"Yara ne, ba su san ta ba." Ta mai da numfashi. "Ni na daina tsoronta. Yaya, zo ki zauna, akwai maganar da nake so mu yi."

Na san maganar da take nufi, kuma ban iya ɗaukarta ba. Na ce, "Bari in gyara yakuwar nan kada ta lalace. Gobe zan yi miki taushe na gaske, in kin ci kin yi ƙarfi ma yi maganar." Ta dube ni ta ce, "To, Yaya."

Da sassafe na tafi kasuwar unguwa ni kaɗai, na sauke girman kaina a gaban dattijuwar nan. Ta gane ni. Ta ƙwanƙwasa guda uku da yatsa, yadda nake yi, ta zaɓa mini ɗaya. Tun a hannu na ji nauyinta.

Na dawo na tarar da gidan ba kowa sai Maman Walid da yaran. Ta ce numfashi ya sarƙe wa 'yata, an tafi asibiti. Malam Nura ya kira ya ce, "Hajiya, da dai kin taho yanzu." Na ce masa ga ni nan, in sauke miya kawai, don in ta farfaɗo ta samu abin ci. Na yanka kabewar, cikinta ja kamar gwaiduwar ƙwai, gari har yana kama wuƙa. Ta dahu ta narke ta haɗe da gyaɗa, yakuwar ta ɗaga ta. A shekara talatin ban yi taushe kamar na ranar ba. Awa biyu ya ci mini.

Da na isa da kula a hannu, an riga an sa mata roba a hanci da baki, ido a rufe. Ba ta sake buɗe shi ba. Kular ta kwana biyu a ƙarƙashin gado, Maman Walid ce ta ɗauke. A rana ta uku, ana ruwan la'asar, Allah ya karɓi abarsa.

A can aka binne ta. Matan masallacin unguwar, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba, su suka yi mata wanka, a tsanake, da ƙamshi. Can mata na zuwa maƙabarta. Na ce mu ba ma zuwa, sai wata dattijuwa ta kama hannuna ba ta saki ba har mota. Ƙasarsu ja ce, jiƙaƙƙiya. Da maza suka gama suka ja baya, aka miƙo mini buta da ruwa mai furanni, aka nuna mini in zuba daga kai zuwa ƙafa. Ban san hukuncinsa ba, malamai sa faɗa. Na dai zuba, kuma ban yi kuka ba, don mutane na kallo.

Bayan addu'ar bakwai Malam Nura ya ɗauke ni zuwa filin jirgi. Hanyar doguwa ce, bishiyoyin kwakwar manja hagu da dama. Mun yi nisa sai na ji ba zan iya hawa jirgi da abin a cikina ba.

Na ce, "Malam, abu ɗaya ke cina. Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya, na ba ta miyar banza. Da na saurari Maman Walid na sayi 'yar ƙaramar tun ranar farko, da ta ci ta gaske, wataƙila da cikinta ya buɗe."

Ya rage gudu ya gangara gefen titi ya tsaya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Hajiya, ta hana ni faɗa, amma ba zan bar ki da wannan ba. Tun kafin babbar salla maganin ya kashe mata harshe. Zuma da gishiri duk ɗaya ne a bakinta. Ko wace kabewa kika sa, ba za ta bambance ba."

Na ce, "To miyar fa? Ita ta kira ni ta ce miya."

"Ta ce in ta ce tana son ganinki, Gwaggo za ki turo. In ta ce miya, da ƙafarki za ki zo." Ya goge fuska da hularsa. "Kuma ta lura ba kya fita sai ta cinye. Shi ya sa malmala ɗaya take kai ta kusan awa guda. In kin fita sai ta amayar, ta ce kada in gaya miki, gobe ma a kawo."

Motoci na ta wucewa ta gefenmu. A gaban surukina, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ɗora hannu a ka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Bai ba ni haƙuri ba, shi ma nasa yake yi.

Kwana goma sha takwas na yi a garin nan tana da rai. Akwai wata kujerar roba a gefen gadonta, daidai inda hannunta ke kaiwa. Malam Nura ya ce ita ta sa ya sayo ta ana jibi zan sauka, ta hana kowa zama a kai. Ni na ɗauka ta likita ce, a kanta nake ajiye tire.